Shekarar da Larai Ta Ɓalle Ƙofar Asibiti

A Maitumbi ta wancan zamanin, idan ka ce Larai sai a tambaye ka wace Larai, amma da ka ce Larai mai inji, kowa zai nuna maka rumfarta. Ubanta Bakano ne, aikin reluwe ya kawo shi Minna tun yana saurayi, ya yi aure ya zauna, bai sake komawa ba. A bayan tashar jirgi aka haife ta, ta tashi da Hausa a baki, Nufanci da yaren Gbagyi a kunne. Mace ce gajera mai murya, ba ta yi boko ba, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Mijinta Ɗanladi akasinta ne. Dogo ne, mai sanyin hali, yakan wuni bai ce uffan ba. Da Minna ta zama babban birnin jiha sai ya samu aikin tuƙa tankar ruwa ta gwamnati, suka sayi fili a unguwar Maitumbi da ke gefen gari, lokacin nan gonakin doya sun fi gidaje yawa. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure a wasu garuruwa, saboda haka Larai ta zuba adashi ta sayi injin niƙa ta kafa a ƙofar gida. Ba a daɗe ba rumfar ta zama majalisar matan unguwa. Mai masara ta zo, mai dawa ta zo, mai barkono ta zo, Musulmi da Kirista, kowa ta zauna jiran layi tana zuba labari. In miji ya doki matarsa, a rumfar Larai za a fara ji, kuma sau da yawa ita ce za ta yafa mayafi ta je ta same shi.

Da soja suka buɗe siyasa, wani tsohon malamin makaranta mai suna Jiya ya fito neman kujerar majalisar jiha. Ya san inda ƙuri'un mata suke, don haka ya zo har rumfar, ya tsaya garin hatsi na sauka a kan hularsa.

"Yaya Larai, me matan Maitumbi suke so?"

Ta kashe inji ta dube shi. "Malam, mace na naƙuda sai an nemo mota zuwa cikin gari. Wata a hanya take haihuwa, wata a hanya take mutuwa. Asibiti muke so."

Ya yi alkawari, ta yarda da shi. Ta bi gida-gida, ta shiga coci ranar taron mata, ta shiga gidajen suna da na biki. Jiya ya ci zaɓe, aka naɗa Larai shugabar matan jam'iyya ta mazaɓa. Abin mamaki kuma, ya cika alkawari. Aka gina asibitin sha-ka-tafi da ɗakin haihuwa da sito na magani, aka turo wata ma'aikaciyar jinya, Sista Hannah, 'yar asalin unguwar, wadda ubanta ke noman doya a bayan gari. Ita da Larai suka shaƙu. In Hannah ta karɓi haihuwa, Larai ce ke aika ruwan zafi. Shekarun nan Larai na tafiya a Maitumbi kanta a sama.

Lalacewar ta faro ne daga sama, inda ba ta gani. Zaɓe na biyu ya matso, manyan jam'iyya suka fara rigima a kan wa za a tsayar. Jam'iyya ɗaya, tuta ɗaya, amma ta rabu biyu: masu riƙe da gwamnati a gefe, yawancin 'yan majalisa a gefe, Jiya na cikin na biyun. 'Yan majalisa suka ce ba za su amince da kasafin kuɗi ba sai an biya musu buƙatunsu. Ɗaya ɓangaren ya ce sai dai komai ya tsaya. Komai kuwa ya tsaya.

Da farko mutane sun ɗauka wasa ne. Amma albashi ya yanke, malamai suka zauna a gida, ofisoshi suka koma wurin kwanan awaki. Wata safiya Ɗanladi ya fita aiki, kafin hantsi ya dawo a ƙafa.

"Lafiya, Malam?"

"An ce mu ajiye motoci. Babu mai, babu mai sa hannu a ba da mai."

"To ruwa fa?"

Ya zauna a kan turmi ya cire takalmi. "Na tambaya. An ce in je in tambayi majalisa."

Bazara ce, zafin Minna ya kai inda ya kai. Maitumbi ba ta da famfo, rijiyoyi sun ƙafe, tankar Ɗanladi ce ke riƙe da unguwar duk shekara a irin wannan lokaci. Da ta daina zuwa, mata suka koma rafi, inda ɗan ruwan da ya rage ya kwanta kore, shanu na sha, yara na wanka. Ba a jima ba amai da gudawa ya shigo. Ya fara da wani gida a bakin rafi, ya tsallaka maƙwabta, daga nan aka daina tambayar gidan wa ya shiga.

Hannah ba ta bar aiki ba, ko da yake ita ma ba a biyan ta. Larai ta je ta tarar da ita a barandar asibiti, marasa lafiya kwance a tabarmi, ƙudaje na bin su.

"Yaya Larai, ba ni da komai," in ji ta. "Ruwan gishiri da sukari nake ba su. Wanda ya iya sha yana tashi. Wanda ba ya iya haɗiya sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma ruwan yana can." Ta nuna ƙofar sito da ƙaton kwaɗo a jiki.

"Ina makullin?"

"Yana wurin Philip mai sito. Yunwa ta kore shi ƙauyensu, ba wanda ya san hanyar. Ko yana nan ma, an ce kada a buɗe sai da izini daga ma'aikata. Na je ma'aikatar, maigadi kaɗai na samu."

Larai ta ce ai wannan ƙaramin abu ne, jam'iyyarsu ce ke mulki. Ta ɗaura atamfar jam'iyya ta shiga tasi zuwa unguwar Tunga. A ofishin jam'iyya ta ga kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya, kowane ɓangare ya sa nasa. Shugaban jam'iyya na yankin, Alhaji Nma, wanda ke tare da masu gwamnati, yana zaune a gindin mangwaro da mutanensa. Ta durƙusa ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara har ta gama, yana girgiza kai.

"Abin tausayi. Amma wa ya hana kuɗi fita? Mutuminki ne, Jiya, shi da abokansa."

"Ranka ya daɗe, ni ba kuɗi na zo nema ba. Ƙofa ce za a buɗe."

"Za a buɗe. Gobe ki zo da matanki, mu kai ku gidan rediyo, ku ce matan Maitumbi sun yi tir da Jiya, shi ya kashe muku 'ya'ya. Kuna fitowa ni da kaina zan sa a buɗe."

Jiya ne ya gina asibitin, bakin Larai ba zai iya faɗar wannan magana ba. Ta tashi ta nufi gidansa.

Jiya ya yi ƙiba, har ta so ta kasa gane shi. Ya karɓe ta hannu biyu, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, da ya ji labari kuma ya dafe kai.

"Kin gani ko, Yaya Larai? Abin da muke faɗa a kai ke nan. Su ke riƙe da makullai. Sai sun ga jama'a a titi za su ji tsoro. Ki tara min mata ranar Alhamis, ku fito da bokitai babu ruwa, ku yi tattaki zuwa sakatariya. Ni kuma, ko da kuɗin aljihuna ne, zan sayo ruwan nan daga Kaduna, mota guda."

A hanyar gida zuciyarta na gaya mata maganar mutanen nan biyu iri ɗaya ce, kowa bakin mata yake so ya ara. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ɗanladi ya ce mata, "Larai, faɗan giwaye ne. Ki bari." Ta ce in ta bari wa zai kama?

Mata sun fito, don sun yarda da ita. Wasu sun bar yara kwance a gida. Suka bi titi cikin rana suna buga bokitai. Ba su kai sakatariya ba sai ga motocin a-kori-kura cike da samari 'yan bangar ɗaya ɓangaren, da gorori a hannu. Samarin Jiya da ke biye da matan a baya suka fara jifa. Kafin Larai ta gane abin da ke faruwa, 'yan sanda sun iso sun saki barkonon tsohuwa. Mata suka watse, ana tattake juna, zannuwa da takalma a zube a kwalta. Wata tsohuwa ta karye a hannu, wata mai ciki ta yi ɓari a wannan ranar.

Washegari Larai ta koma gidan Jiya da idanu a kumbure. Maigadi ya ce Honarabul ya tafi Ikko taron jam'iyya, bai bar saƙo ba. Ta tambayi maganar motar Kaduna, ya ce bai san da ita ba.

Daga ranar rumfarta ta mutu. Mata suka riƙa wucewa da ƙwaryar hatsi a ka zuwa wani inji mai nisa, ba ko sallama. Mijin wadda ta yi ɓari ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Nawa suka ba ki kika sayar da matanmu?" Ɗanladi ne ya fito ya ba shi haƙuri.

Shi Ɗanladi, tunda ba aiki, sai ya ari amalanke ya koma ɗaukar marasa lafiya zuwa barandar Hannah, wani lokaci kuma ya ɗauko gawa ya mayar gida. Ba wanda ya sa shi. Da Larai ta ce ya kula da kansa, sai ya ce shekara da shekaru yana kai wa mutanen nan ruwa, ya san ƙofar kowa, ba zai iya zama yana jin kukansu ba. Ranar wata Talata da hantsi ya dawo ya ce cikinsa na juyawa. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, fatar hannunsa ta yamutse kamar ta tsoho. A amalanken da yake tura wasu aka tura shi.

Hannah ta yi ta ɗura masa ruwan gishiri da sukari, yana dawowa. Larai ta tsaya tana kallon kwaɗon nan. Sai ta juya ta tafi gida da sauri, ta ɗauko ƙarfen da take murzawa ta tayar da inji, ta dawo.

"Yaya Larai, kayan gwamnati ne," in ji Hannah. "Za su ɗaure ki."

"Ina gwamnatin take? Nuna min ita."

Hannah ta matsa gefe. Larai ta yi ta dukan kwaɗon, bai karye ba, sai katakon ƙofar ne ya tsage. Wasu maza da ke jinyar 'yan'uwansu suka taso suka sa kafaɗa, ƙofa ta faɗi ciki.

Kwalaye ne jere har kusa da rufi. Larai ta jawo na farko, ta ji shi sakayau. Ta jawo na biyu, haka. Suka yi ta jawowa suna jefarwa waje. Ko tun farko ba a kawo kayan ba, ko an kawo an fitar ta bayan fage, har yau ba wanda ya sani. A can ƙasa suka samu kwali guda da 'yan ledojin ruwa a ciki, ba su kai yatsun hannu biyu ba.

Hannah ta rungumi kwalin ta fito baranda. Ta dubi mutanen da ke kwance, ta daɗe tana duba. Sannan ta wuce Ɗanladi ta durƙusa gaban wata yarinya ƙarama, ta fara neman jijiya.

Larai ta bi ta ta riƙe mata hannu. "Sista, Malam fa?"

"Yaya, babban mutum irinsa, duk abin da ke kwalin nan ba lallai ya ishe shi ba. Yara kuwa, leda ɗaya na iya tayar da ɗaya."

"Ni na ɓalle ƙofar. Don shi na ɓalle."

"Na sani."

"Ki ba shi ko guda biyu. Hannah, don girman Allah. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Hannah na hawaye, amma ba ta ɗago ba. "Ki sake min hannu, Yaya. Jijiyar yarinyar nan na ɓacewa."

Larai ta sake ta. Ta koma ta zauna ta ɗora kan mijinta a cinya, tana ɗiga masa ruwa da cokali. Ba ta san ko ya ji abin da aka yi ba, bai ce komai a kai ba. Ya tambaye ta ko ta mayar wa mai amalanke kayansa, ta ce za a mayar. Bayan la'asar ya cika.

Yawancin yaran da aka sa wa ruwan sun tashi. Wannan bai hana 'yan sanda zuwa ba. Ana gama sadakar uku suka shigo gidan, Larai na zaune cikin takaba, suka ce ana tuhumar ta da fasa sito da sace maganin gwamnati. Limamin unguwa ya roƙe su, ya ce mace mai takaba ba ta fita. Suka ce umarni ne daga sama. Alhaji Nma ya riga ya shiga rediyo ya ce 'yan bangar Jiya sun wawushe asibiti cike da magani, shi ya sa mutane ke mutuwa. Mutanen Jiya suka mayar da martani cewa ba su san wata Larai ba. Hannah kuma aka dakatar da ita daga aikin da dama ba a biyan ta.

Larai ta yi kwanaki a tsare kafin dattawan unguwa, na masallaci da na coci, su haɗu su yi belinta. Ta fito ta tarar damina ta sauka, rijiyoyi sun kawo ruwa, cutar ta fara ja da baya da kanta.

Ba a yi wata guda ba manyan jam'iyya suka zo daga Ikko, suka tara ɓangarorin biyu a wani otal, aka raba kujeru, kowa ya samu abin da yake so. Majalisa ta amince da kasafin a zama ɗaya. Aka buga hoton Jiya da Alhaji Nma a jarida sun rungumi juna suna dariya. An ce a taron an amince cewa wasu ɓata-gari ne suka shiga tsakanin 'yan'uwa, dole a hukunta su. A Maitumbi sunan mutum ɗaya aka kira. Aka kori Larai daga jam'iyya bisa laifin zagon ƙasa da tunzura mata, kuma duka mutanen biyu sun amince.

Ranar da tankar ruwa ta dawo unguwa da sabon direba, Larai ta ji ƙarar injinta tun daga nesa, ta gane ta. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai da motar ta tafi.

Lokacin zaɓe Jiya ya zo yawon neman ƙuri'a, bai biyo ta layinta ba. Mata da yawa ba su fita ba, amma da aka faɗi sakamako sai aka ji Maitumbi ta zuba masa ƙuri'u fiye da na karon farko. Ba wanda ya yi mamaki, ba kuma wanda ya yi magana. Shari'ar Larai ta yi ta tafiya, yau a ɗaga, gobe a ɗaga, har ta sayar da injin don ta riƙe lauya. Tana cikin wannan hali soja suka karɓe mulki a ƙarshen shekara. Aka kwashi 'yan siyasa, Jiya ya yi ɗan zama a tsare ya fito ya koma kwangila. Shari'ar kuma ta bi ruwa, ba a ce ta yi laifi ba, ba a ce ba ta yi ba.

Ita da Hannah sun fi shekara ba sa magana. Ba faɗa suka yi ba, sai dai in Larai ta hango ta sai ta sauya hanya. Hannah ba ta koma aikin gwamnati ba, ta riƙa karɓar haihuwa a gidaje tana taimaka wa ubanta da sayar da doya. Wata rana ta sa aka sauke tulin doya a ƙofar gidan Larai, ta shigo ta tsaya daga bakin zaure.

"Yaya, Baba ya ce ki sayar, in kin sayar kya kawo uwar kuɗi."

Larai ta ce, "Har yanzu in na gan ki, ranar nake gani."

"Ni ma haka."

"Da za a sake, haka za ki yi?"

"Haka zan yi, Yaya."

Larai ta gyaɗa kai. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa mata.

Da doyar nan ta fara kasa kaya a kasuwar Sauka Kahuta, a nan ta ƙare sauran ƙarfinta. 'Ya'yanta sun yi ta roƙon ta koma wurinsu, ta ce ba za ta bar garin da kabarin Malam yake ba. Sannu a hankali matan Maitumbi suka dawo gaishe ta, har wasu daga cikin iyayen yaran nan sukan aiko mata da abinci ranar Salla ko Kirsimeti, amma ba ta sake zama mai shiga maganar kowa ba. Da aka sake buɗe siyasa bayan shekaru, wasu samari suka zo har kasuwa suna neman ta jagoranci mata, sun ji an ce da can ita ce. Ta saurare su, ta tambaye su ko doya za su saya. Suka ce a'a. Ta ce to su matsa, sun tare mata masu ciniki.

Ta rasu a gidanta na Maitumbi bayan gajeruwar jinya, Hannah na gefenta.